Tsohuwar Libarbar Ɗan Sanda: Yadda Ake Gane Shekarunta da Abin da Ke Sa Ta Tsada

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu. Yau tarihi zai kai mu Amurka da Ingila, wajen wasu mutane da sana'arsu ita ce su ɗauki tsohuwar bindigar ɗan sanda, su jujjuya ta, su faɗa maka shekarar da aka ƙera ta da kuɗin da za ta yi a kasuwa.

Bari mu fara da wani ciniki. A watan Yunin 2011, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wata ƙaramar bindiga ƙirar Colt, samfurin da ake kira Police Positive, a kan fam 67,250. Irin wannan samfurin kamfanin ya ƙera dubban ɗaruruwansa, kuma a shagon tsofaffin bindigogi na Amurka 'yan ɗaruruwan daloli sun isa a sayi ɗaya. To me ya kai waccan wannan kuɗin? An ce ta Al Capone ce, ƙasurgumin ɗan ta'addan birnin Chicago na shekarun 1920, kuma ta zo da wasiƙar shaida daga cikin danginsa. Ƙarfen ɗaya ne da na sauran. Takardar aka biya. Ku riƙe wannan, don duk shirin yau a kansa zai tafi.

Ita dai libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu mai ganga a tsakiya. Gangar tana da ramuka, yawanci shida, kowane rami da harsashinsa. Duk lokacin da aka ja kunama sai gangar ta juya, rami na gaba ya daidaita da bututu, guduma ta bugi harsashi. Ba ta da kayan ciki masu yawa, ba ta cika sarƙewa ba, kuma koyon ta ba wuya. Shi ya sa ta yi kusan shekara ɗari a ƙugun 'yan sandan ƙasashe da yawa.

A Amurka ta ƙarni na 19, ɗan sanda kan sayi tasa bindigar da kansa, kowa da irin wadda aljihunsa ya iya. A 1896 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana shugabantar hukumar kula da 'yan sandan New York. A lokacinsa aka yi odar libarba kusan 4,500 daga kamfanin Colt da ke Hartford, samfurin New Police, domin jami'ai su riƙe iri ɗaya. An buga sunan rundunar a bayan mariƙinsu. Daga nan kamfanoni suka gane cewa 'yan sanda babbar kasuwa ce. A 1899 kamfanin Smith & Wesson da ke Springfield ya fito da tasa, wadda ya sa wa suna Military & Police, mai cin harsashi samfurin .38 Special. Colt ya fito da Police Positive a 1907, sannan a 1927 ya sauya wa wata libarbarsa suna daga Army Special zuwa Official Police, saboda ya lura 'yan sanda ne ke saye, ba soja ba. Wannan ta ci gaba har 1969. Ita kuwa ta Smith & Wesson, wadda daga baya aka sani da Model 10, an ƙera fiye da miliyan 6. A ɓangaren Ingila kuma akwai Webley na Birmingham, wanda tun 1868 ya yi libarbar da ta ɗauki sunan rundunar 'yan sandan Ireland ta wancan lokacin, wato RIC.

To idan abu ya kai miliyan 6, kuma kamanninsa bai sauya sosai ba tsawon shekaru, ta yaya za ka bambance ta 1925 da ta 1965? Ni yadda na fi sauƙin fahimtar aikin masanan nan shi ne, kowace libarbar ɗan sanda tana da lokuta uku a rayuwarta. Akwai lokacin da ta bar ma'aikata, akwai lokacin da ta yi aiki a hannun runduna, akwai kuma lokacin da aka sallame ta ta shiga kasuwa. Kowane lokaci yana barin tabonsa a jikin ƙarfen, kuma sabon shiga yakan ruɗe ya ɗauki tabon wannan a matsayin na wancan.

Mu ɗauki na farko, fitowa daga ma'aikata. Abin da ake fara dubawa shi ne lambar ƙira. A libarbar Smith & Wesson, lambar gaskiya tana ƙasan gindin mariƙi. Idan ka buɗe gangar gefe za ka ga wasu lambobi a jikin hannun da ke riƙe ta, amma a tsofaffin waɗannan lambobin haɗi ne kawai, ma'aikata ke buga su don kada sassan bindiga ɗaya su cakuɗe da na wata lokacin haɗawa. Mutane da yawa sukan karanta su, su je su duba littafi, su dawo da shekarar da ba ita ba. A Colt kuwa akasin haka ne, sai ka buɗe gangar sannan za ka ga lambar gaskiya.

Ga yadda lambobin Military & Police suka tafi. Daga 1899 an yi ta ƙirgawa da lamba zalla har aka kai miliyan ɗaya a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sai aka koma ɗaya, aka sa harafin V a gaba. Waɗannan su ake kira Victory, kuma ana gane su da gani: jikinsu toka-toka ne ba sheƙi, katakon mariƙi sumul ba zane, ga zobe a gindi na ɗaura igiya. A 1944 wata ta suɓuce ta faɗi a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka, ta tashi da kanta, ta kashe wani sojan ruwa. Wannan ya sa kamfanin ya sake fasalin ƙarfen da ke tare guduma, kuma daga farkon 1945 aka ƙara harafin S, lambar ta koma SV. Kun ga ran mutum ɗaya ya bar harafi a jikin dubban bindigogi. Bayan yaƙi aka ci gaba da S kaɗai har 1948, sai harafin C daga 1948 zuwa 1967, sannan D ya karɓa har wajen 1977. Daga baya aka koma haruffa uku a gaban lamba.

Amma gwani ba ya tsayawa a lamba, don kamfanin ya sha amfani da lamba iri ɗaya a samfura daban-daban. Sai ya bi jikin bindigar yana tambayar ta. Ta 1899, wadda aka yi kimanin 21,000 kawai, sandar fitar da kwanso da ke ƙarƙashin bututunta a sake take, babu abin da ya kama bakinta. Daga 1902 aka sa mata makama. Rubutun da ke cewa an yi ta a Amurka ya fara bayyana a gefen dama a 1922, don haka wadda ba ta da shi ta girmi wannan shekarar. Sai ƙirgen noti, wanda masu sana'ar ke yawan magana a kai. Tsofaffin suna da noti biyar, huɗu a farantin gefe, ɗaya a gaban kunama. Wajen 1955 aka cire ɗaya suka koma huɗu, wajen 1961 zuwa 1962 aka sake cire ɗaya suka koma uku. Idan ka ji dillali ya ce wannan mai noti biyar ce, shekaru yake gaya maka a taƙaice. Sai dai a kula, wani lokaci katakon mariƙi yana rufe noti ɗaya, mai gaggawa ya ƙirga huɗu alhali biyar ne.

A 1957 kamfanin ya fara ba wa samfuransa lamba, Military & Police ta zama Model 10, aka riƙa buga hakan a wurin da gangar ke kwanciya. Duk sauyin da aka yi daga baya sai a ƙara lamba a gaba: 10-1 mai kaurin bututu a 1959, 10-5 a 1962, 10-7 a 1977, haka dai. Katakon mariƙi ma yana magana. Har wajen 1968 akwai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu da ake bari ba zane a kewayen notin mariƙi, daga nan aka daina. Akwai kuma wata 'yar ƙusa da ke ratsa wuyan bututu inda ya haɗu da jiki, wadda aka daina sawa a 1982. Idan lamba ta ce 1950, noti suka ce 1950, amma mariƙi ya ce 1975, to ka san an sauya mariƙi, kuma kuɗin ya sauka.

Duk wannan ƙiyasi ne mai kyau, amma hujjar ƙarshe tana cikin littafin kamfani. Smith & Wesson da Colt duka sun ajiye tsofaffin littattafan fitar da kaya. Mai bindiga yakan biya kuɗi a duba masa, a rubuto masa wasiƙa mai ɗauke da ranar da aka aika ta, wanda aka aika wa, tsawon bututu da irin rinin da ta fita da shi. Shekaru da yawa Roy Jinks, masanin tarihin kamfanin Smith & Wesson, shi ke sa hannu a irin waɗannan wasiƙu. Wani abu da wasiƙun suka nuna shi ne kamfanin ba ya fitar da kaya bisa jerin lamba. Bindiga biyu masu lamba kusa da juna za su iya fita da tazarar watanni, wani lokaci har shekara. Shi ya sa masu tarawa suka fi maganar ranar aikawa a kan ranar ƙira, don ita ce a rubuce.

Yanzu lokaci na biyu, zaman aiki. Nan ne bindiga ke zama ta 'yan sanda da gaske. Runduna takan buga sunanta ko haruffanta a bayan mariƙi ko a gindi, ta ƙara da lambar ajiya ta ɗakin makamai. Ita ma wannan lambar tana ruɗa mutane, su ɗauka ta kamfani ce. Tambarin runduna kuwa agogo ne mai zaman kansa. Misali, akwai Model 10 da yawa masu haruffan RHKP, na 'yan sandan Hong Kong lokacin mulkin Birtaniya. Harafin R ɗin nan lakabin sarauta ne da Sarauniya ta ba rundunar a 1969, aka kuma cire shi a 1997 da Hong Kong ta koma hannun Sin. Ke nan tambarin da kansa ya killace maka shekara 28. Haka akwai Webley Mark IV masu haruffan SPF na 'yan sandan Singafo. Akwai kuma Victory da sojan Amurka suka miƙa wa 'yan sandan Jamus bayan 1945 a yankin da suka mamaye, aka buga musu sunan 'yan sandan Bavaria da Turanci, na birni daban, na karkara daban. Bindigar da aka ƙera don yaƙar Jamus ta ƙare a ƙugun ɗan sandan Jamus, kuma duk wannan labarin a jikinta yake.

Aiki yana barin wani tabon da ba hatimi ba. Masu sana'ar suna cewa bindigar ɗan sanda an ɗauke ta da yawa, an harba ta kaɗan. Shekara ashirin tana shiga kube tana fita, don haka rinin bakin bututu da gefen ganga ya goge ya yi fari, katakon ɓangaren da ke waje ya sha bugun ƙofar mota da gefen tebur. Amma idan ka leƙa cikin bututun sai ka gan shi garau. Wannan irin tsufan shi ake so a gani, don ya dace da labarin. Idan aka ce maka ta yi shekara talatin a sintiri amma jikinta kamar jiya aka ɓare ta daga kwali, to akwai lauje cikin naɗi.

Lokaci na uku shi ne sallama, kuma nan ne aka fi faɗawa rami. Dokar Ingila ta ce ba a sayar wa jama'a bindiga sai an gwada ƙarfinta a gidan gwaji an buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aikin. Hatiminsa mai haruffan BNP ƙarƙashin kambi ya fara aiki ne a 1955. To a lokacin yaƙi Smith & Wesson ya yi wa Birtaniya da ƙawayenta libarba fiye da rabin miliyan. Da aka zo sayar da rarar bayan yaƙi, sai aka bi da su gidan gwaji. Saboda haka za ka ga bindigar 1943 ɗauke da hatimin da bai wanzu ba sai bayan shekara 12. Wanda bai sani ba zai ce ta 1955 ce ko bayan haka, alhali hatimin ranar ritayarta yake faɗa. Haka a Amurka, dokar bindigogi ta 1968 ta tilasta wa mai shigo da bindiga daga waje ya buga sunansa a jiki. Idan ka ga sunan ɗan kasuwa a ƙarƙashin bututu, abin da ya gaya maka kawai shi ne ta shiga Amurka bayan 1968.

Da an tantance lokutan nan uku, sai a zo maganar kuɗi. Abu na farko lafiyar jiki. Akwai littattafan farashi, irin su Blue Book of Gun Values, da ke auna yawan rinin asali da ya rage bisa ɗari, kuma tazarar kuɗi tsakanin mai kashi 98 da mai kashi 80 ba kaɗan ba ce. Sai a duba aikinta: ko ganga tana kullewa daidai kafin guduma ta faɗi, ko tana girgiɗi gaba da baya, ko tsatsa ta ci cikin bututu.

Abu na biyu, kuma wannan ne ke ba sababbi mamaki, shi ne asali ya fi kyau daraja. Mu mun saba idan za ka sayar da mota ka kai ta a yi mata fenti. A wannan kasuwar wanda ya sake wa tsohuwar bindiga rini ya ƙona kuɗinsa da hannunsa. Kuma ana ganewa. Kafin a sake rini sai an goge ƙarfe, gugar kuwa tana cinye kaifin rubutu, tambarin kamfani ya dusashe, bakin ramin noti ya lotsa, layin farantin gefe da a da da ƙyar ake ganin sa ya buɗe. A Smith & Wesson guduma da kunama suna fitowa da wani launi mai dabbare-dabbare na ƙona ƙarfe. Idan ka gan su baƙi ƙirin iri ɗaya da jiki, an taɓa ta. Sannan a tsofaffin ana maimaita lambar ƙira a bayan ganga, a ƙasan bututu, da cikin katakon dama. Idan duka suka yi daidai, tare suka fito daga ma'aikata. Idan ɗaya ta saɓa, haɗe-haɗe ce.

Abu na uku ƙaranci. Model 10 ta yau da kullum mai bututu inci 4 ba ta da tsada, don tana ko'ina. Amma a 1935 kamfanin ya fito da .357 Magnum ta farko, wadda ake yi wa kowane mai saye bisa odarsa, a ba shi takardar rajista mai lamba. Kuɗinta dala 60 a lokacin da tattalin arzikin Amurka ke kwance. Mai lamba ɗaya J. Edgar Hoover aka ba, shugaban hukumar FBI. 'Yan dubbai kawai aka yi kafin a daina rajistar a 1939, kuma yau dubban daloli ake magana, musamman idan takardar rajistar da kwalin suna nan.

Abu na huɗu shi ne salsala, wato hannun wa da wa ta bi. Nan ne kuɗi ke haukacewa. A watan Agustan 2021 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da Colt ɗin Pat Garrett a kan dala miliyan 6.03. Garrett shi ne jami'in tsaron gundumar Lincoln a New Mexico da ya harbe ɗan bindigar nan Billy the Kid a watan Yulin 1881. Abin da ya ƙarfafa cinikin har da wata tsohuwar shari'a. Garrett ya bar bindigar a hannun wani mai mashaya a El Paso, bayan rasuwarsu duka matarsa ta shiga kotu a shekarun 1930 ta karɓo ta. Rigimar da ta ɓata wa iyalai biyu rai ita ta bar takardun da suka zama hujja bayan shekara kusan casa'in.

Inda kuɗi yake, 'yan damfara na nan. Hatimin ƙarfe ba wuyar yi gare shi ba, kuma an sha kama Victory da aka buga wa sunan sojan ruwan Amurka daga baya don a ƙara farashi. Shi ya sa masu tarawa suke da wata magana tsakaninsu, cewa ka biya kuɗin bindiga, kada ka biya kuɗin labari. Kama da wane ba ta wane. Idan mai sayarwa ya ce kakansa ne ya riƙe ta a rundunar kaza, tambayar ita ce ina wasiƙar kamfani da ta nuna an aika ta can, ina takardar rundunar da ta nuna an ba shi. Akwai kuma akasin haka: wasu rundunoni kafin su sayar da tsofaffin makamansu sukan sa a kankare sunansu daga jiki. Irin wannan ta yi asara sau biyu, ga tabon guga, ga tarihin ya tafi.

Akwai labari ɗaya da ya haɗa duk abin da na faɗa, kuma ya faru ne a Dallas a watan Nuwamban 1963. Cikin waɗancan libarba da aka yi wa Birtaniya, 'yan kasuwa sun sayi da yawa da araha bayan yaƙi, suka yanke bututunsu don su yi kama da na 'yan sandan ciki, suka ƙara zurfin ramukan ganga don su ci harsashin .38 Special da aka fi samu a Amurka. Aikin bai yi kyau ba, don harsashin asali ya fi wannan kauri, kwanso yakan kumbura ko ya tsage. A idon masu tarawa irin wannan ita ce ta ƙarshe a daraja. Ɗaya daga cikinsu mai lamba V510210 ta bi ta hannun wani dillali a Montreal ta Kanada, ta isa wani kamfani a Los Angeles, aka yanke bututunta, aka sayar da ita ta gidan waya a farkon 1963 a kan dala 29.95 ga wani da ya sa sunan ƙarya. Mutumin shi ne Lee Harvey Oswald. A ranar 22 ga Nuwamba, ƙasa da awa ɗaya bayan harbin Shugaba Kennedy, aka harbe ɗan sanda J. D. Tippit a wata unguwa, kuma da aka kama Oswald a gidan sinima wannan bindigar ce a hannunsa. Saboda bututun ya fi harsashin faɗi, masanan FBI sun sha wuya wajen danganta harsasan da ita, amma kwansaye huɗu da aka tsinta a wurin sun yi daidai da ita. Lambar gindinta kuma ta kai masu bincike ga takardun kamfanin da ya sayar, har ga takardar oda da rubutun hannun mai saye. Kwana biyu bayan haka Jack Ruby ya harbe Oswald a cikin hedikwatar 'yan sandan Dallas da wata libarbar, Colt Cobra, wadda ya saya a kan dala 62.50. A 1991 an yi gwanjonta a kan dala 220,000. Ta Oswald kuwa tana hannun gwamnati a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa.

Kun lura da wani abu? Hanyar da mai tara kayan tarihi ke bi ya gano asalin bindiga ita ce dai hanyar da mai binciken kisa ke bi: lamba, littafin kamfani, rasiɗin dillali, sa hannun wanda ya karɓa. Ɗaya yana neman farashi, ɗayan yana neman mai laifi, amma dukansu suna cin albarkacin wani akawu da ya zauna ya rubuta a littafi.

Zamanin libarba ya fara ƙarewa a shekarun 1980. Bayan musayar wutar Miami ta 11 ga Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, muhawara ta yi zafi kan irin makamin da ya kamata jami'i ya riƙe, rundunoni suka riƙa komawa fistol mai ɗaukar harsasai da yawa irin su Glock. New York ta amince da fistol a 1993, kuma a 2018 ta sa sauran 'yan tsirarun jami'an da ke rataye da libarba su ajiye. Tsofaffin kuwa yawanci dillalai aka ba a matsayin musaya, suka cika kasuwa. Wannan ne ya sa masu tarawa ke samun su da araha, amma al'adar sayar da makaman runduna tana da ɗaya fuskar. A 2024 wani bincike da CBS News da wasu kafafen labarai biyu suka wallafa ya nuna cewa tun daga 2006 an gano bindigogi fiye da 52,000 da a da na 'yan sanda ne a wuraren aikata laifi a Amurka. Ba duk wadda aka sallama ce ke ƙarewa a akwatin gilashi ba. Ko wannan adadin ma an iya fitar da shi ne saboda akwai lamba, akwai rajista.

Kafin wani ya fara tunanin tsohuwar bindigar da ke cikin adakar kakansa, bari in ja kunne. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, har da irin na da can masu ƙanƙara, kuma lasisinsu na shugaban ƙasa ne. Tsufa ba ya wanke ta a idon doka kamar yadda yake yi a Amurka, inda wadda aka ƙera a 1898 ko kafin haka ake ɗaukar ta kayan tarihi. Wanda ya gaji irin wannan, lauya zai nema ya ji yadda ake miƙa ta ga hukuma, ba dillali ba.

Abin da na ga ya shafe mu a wannan tarihin shi ne littafin. A can mutum yana iya biyan kuɗi a gaya masa ranar da wata libarba ta bar Springfield shekara ɗari da suka wuce, da rundunar da ta karɓa. A nan, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai iri-iri 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayanin inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Kowace bindiga daga cikinsu ta fito daga ma'aikata da lamba a jikinta, kamar dai V510210. Lambar ba ta da amfani idan babu littafin da za a kai ta a duba.

Nan za mu tsaya a wannan makon.